Kafin Inji Ya Iso Sharaɗa

Daga Kano zuwa bakin teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota, kuma da yawa daga cikinmu za mu ƙare rayuwarmu ba mu taɓa shaƙar iskar ruwan gishiri ba. Amma idan mutum ya shiga Sharaɗa ko Bompai ko Challawa ya bi masana'antun ɗaya bayan ɗaya, da wuya ya ɗora hannu a kan wani babban inji da bai yi makonni a kan teku ba. Injin saƙa, injin narka roba, injin matsar man gyaɗa, injin casar shinkafa, har janaretan da ke riƙe su idan an ɗauke wuta, duk baƙi ne, kuma duk ta ruwa suka zo.

Aikina koyar da injiniyanci a jami'a, kuma a wajen dangi da maƙwabta duk wanda ake kira Dakta ai ya iya karanta kowace irin takarda, tun daga sakamakon gwajin jini har zuwa yarjejeniyar banki. Ta wannan hanya ce takardun odar injuna suka riƙa zuwa hannuna shekara da shekaru. Abin da nake gani kusan iri ɗaya ne kowane lokaci. Mai saye ya san farashin injinsa har dalar ƙarshe, ya san buhu nawa zai fitar a awa, ya ma lissafa ribar shekarar farko. Amma idan na tambaye shi, "Alhaji, a wane wuri ne injin nan zai fita daga wuyan mai sayarwa ya koma wuyanka?" sai ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Alhali kuwa rabin cinikin yana cikin amsar wannan tambaya.

Abin yakan ƙara ba ni mamaki idan na tuna jikokin su wane ne mu. Fataken da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja ba su taɓa raba sanin goro da sanin hanya ba. Madugu ya san inda ake samun ruwa da inda ake yada zango, ya san sarkin da ake gaisarwa da abin da ake kai masa, ya san lokacin da Kwara ke cika da abin da masu kwalekwale za su karɓa. Kalmar fito ma, wadda muke kiran harajin kwastan da ita a yau, daga bakin kogi ta taso. Goro kuwa kaya ne mai shagwaɓa. Sai an naɗe shi da ganye, ana yayyafa masa ruwa, ana kwance huhu a zango ana tsince wanda ya fara lalacewa, ana tafiya wata da watanni. Wanda bai iya wannan ba, komai arahar da ya samu a Salaga, sankara zai kawo kasuwar Kurmi. A lokacin da jiragen ruwan Turawa ke kai-kawo a gaɓar Afirka ta Yamma, Alhassan Ɗantata yana cikin Hausawan farko da suka riƙa loda goronsu daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Ikko. Bai tsaya cewa teku ba tamu ba ce. Ya ga sabuwar hanya, ya koye ta.

Hanyar da ta rage mana mu koya a yau ita ce ta kwantena. Akwatin ƙarfen nan bai daɗe a duniya ba. A ranar 26 ga Afrilu, 1956, wani Ba'amurke mai kamfanin manyan motoci, Malcom McLean, ya loda akwatuna 58 a kan wani tsohon jirgin dakon mai, Ideal X, daga Newark zuwa Houston, kuma daga nan fataucin duniya ya sauya kama. Yanzu sama da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna, idan aka auna da nauyi, ta teku suke bi. Sai dai ita kwantena ba don inji aka tsara ta ba. Faɗin cikinta bai kai mita biyu da rabi ba, haka ma tsayin ƙofar wadda aka fi sani. Kuma akwai wani abu da ke ruɗar mutane: mai ƙafa 40 ta ninka mai ƙafa 20 a tsawo, amma ba ta ninka ta a nauyin da aka yarda a ɗora mata ba, dukansu iyakarsu kusan tan 30 ne har da nauyin akwatin kansa. Saboda haka inji mai nauyi a ƙarama yake tafiya. Wanda ya yi tsayi sai a nemi kwantena marar rufi a lulluɓe shi da tamfol. Wanda ya yi faɗi sai a ɗora shi a kan wadda ba ta da bangon gefe, a ɗaure da sarƙoƙi, kuma mai shi zai biya kuɗin gurbin akwatunan da ya hana a jera kusa da shi. Wanda ya fi ƙarfin wannan duka sai jirgi na musamman mai ƙugiyar ɗaga kaya tasa ta kansa. Kowane mataki da farashinsa, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Inci shida da injiniyan da ya zana inji bai damu da su ba na iya ninka kuɗin dako.

Sai kuma abin da teku ke yi wa ƙarfe, wanda shi ne ya fi jan hankalina a matsayina na mai koyar da wannan fanni. Jirgin da ya taso daga Shanghai ko Ningbo a ƙasar Sin zai gangaro ta Singafo, ya ratsa mashigin Malaka, ya keta tekun Indiya, ya kewaye ƙarshen Afirka ta Kudu, sannan ya hauro tekun Atlantika zuwa Legas. Tafiyar takan ci mako biyar zuwa bakwai, musamman idan an sauke kwantenar a wata tasha kamar Lome don ta jira wani jirgin. A cikin wannan tafiya sau biyu ake tsallake layin da ya raba duniya biyu, a fita daga zafi a shiga sanyi, a sake komawa zafi. Da rana bangon kwantena ya ɗauki zafi kamar tanda, iskar da ke ciki ta tsotse danshin katakon da aka yi wa injin shimfiɗa da shi. Da dare ƙarfen ya huce, danshin ya taru a rufi, ya riƙa ɗiga a kan kaya. Kullum haka, kwana arba'in. Ma'aikatan jiragen ruwa suna kiran wannan ruwan saman cikin kwantena, kuma ko ɗigo ɗaya na ruwan teku bai shiga ba za ka buɗe ka tarar da tsatsa a kan duk wani sashe da aka goge aka bar shi tsirara. Ga kuma jijjiga da tangaɗi dare da rana. Injin tan takwas da aka ɗaure da sakaci yakan zama guduma a cikin akwatinsa, ya daki bango, bango ya dake shi.

Maganin wannan sananne ne, kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin injin: a shafe sassan da giris mai hana tsatsa, a rufe kayan wuta a cikin leda mai ƙarfi da aka zuƙe iskarta, a rataya jakunkunan tsotse danshi, a ƙulle ƙafafun injin da kusoshi a kan busasshen katako. Katakon ma yana da ƙa'idarsa ta duniya, sai an gasa shi har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30 don kashe ƙwari, an buga masa hatimi. Goro a hana shi bushewa, inji a hana shi jiƙa, amma hankalin da ake buƙata iri ɗaya ne. Abin takaici, idan aka zauna ciniki mutumin namu ya matsa a rage masa, wurin da mai sayarwa ya fi saurin ragewa shi ne wannan, domin ba a ganinsa a bidiyon da ake turowa ta waya.

Tambayar da na ce ina yi wa masu saye, amsarta tana cikin wasu haruffa uku da ake rubutawa kusa da farashi. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke birnin Faris ce ta tsara su tun 1936, kuma gyaran baya-bayan nan na 2020 ne. Idan an rubuta EXW, to a ƙofar masana'antar mai ƙerawa kayan suka zama naka, ko da a wani ƙauye ne mai nisan kwana biyu daga teku. Idan FOB ne, shi zai kai su har cikin jirgi, daga nan ya wanke hannunsa. Wanda ya fi yaudarar ido shi ne CFR da ɗan uwansa CIF, domin za ka ga an rubuta Legas a gabansu, sai ka ɗauka mai sayarwa ne ke da alhaki har Legas. Kuɗin jirgi kawai ya biya har can, a CIF kuma har da kuɗin inshora. Hatsarin kuwa, tun daga lokacin da kayan suka hau jirgi a ƙasarsa ya koma kanka. Na sha yin wannan bayani ga mutanen da suka yi shekara talatin suna kasuwanci, sai in ga fuskarsu ta sauya.

Inshora ita ce ya kamata ta toshe wannan giɓi, kuma doka ta wajabta a yi wa kayan da za a shigo da su ƙasar nan inshora a wani kamfani na cikin gida. To amma mafi yawan mutanenmu takardar suke saye, ba kariyar ba. Wasu don tsimi, wasu don ƙyamar da suke yi wa tsarin saboda addini, ko da yake yanzu akwai kamfanonin takaful masu lasisi. Sai a zaɓi mataki mafi araha, wanda ba ya biya sai jirgi ya nutse, ko ya kama wuta, ko ya yi karo, ko ya kafe. Sata ba ta ciki, faɗuwa daga ƙugiya ba ta ciki. Ko mataki mafi tsada ma ba ya biyan ɓarnar da rashin kyakkyawan ɗauri ya jawo. Kamfanin jirgi kuwa dokokin teku sun yi wa abin da zai biya iyaka, ana lissafa shi a kan kilo ko ƙunshi, ba a kan darajar abin da ke ciki ba. Akwai ma wata tsohuwar doka da ta girmi dukan waɗannan, tun zamanin Girkawa da Rumawa, wadda malaman fiƙihun Malikiyya na Andalus da Arewacin Afirka su ma suka tattauna: idan jirgi ya shiga hatsari aka yi asara ko aka kashe kuɗi don a ceci kowa, to duk mai kaya a ciki zai biya kasonsa. Lokacin da katafaren jirgin nan Ever Given ya gitta a mashigin Suwez ya toshe shi kwana shida a watan Maris na 2021, wannan doka masu jirgin suka ɗauko. Dubban 'yan kasuwa da kayansu ko ƙwarzane ba su yi ba sai da suka ba da lamunin biyan kasonsu kafin a sakar musu kaya. Mai inshorar kirki, kamfaninsa ya sa hannu. Marar ita, aljihunsa.

Duk wannan bayani ne na allo. Inda na ga abin a jikin mutum shi ne wajen ɗan wan mahaifina, wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Ya yi sama da shekara ashirin yana fataucin hatsi. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, injinan casar shinkafa suka yawaita a Kano, yake ta tunanin ya daina sayar wa masu inji shanshera ya zama shi ma mai inji. Daga ƙarshe ya sayar da wani fili da ya daɗe yana ajiye, ya karɓi rancen banki, ya tafi baje kolin da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara. Ba cinikin biri a sama ya yi ba, ya ga injin da idonsa yana aiki. Sai da ya biya kafin alƙalami ya dawo gida, sannan ya kawo mini takardun a cikin wata jakar leda.

"Dakta, duba mana wannan, ko akwai abin da ya rage."

Na ce, "Yaya, tukunyar turara shinkafar nan, sun gaya maka tsayinta?"

Ya ce ai komai a kwantena biyu zai shiga, haka aka yi alkawari. Bayan mako uku saƙo ya zo cewa sai an ƙara ta uku marar rufi, kuma shi zai biya.

Wannan somin taɓi ne. Jirgin ya iso Legas cikin mako shida, babu hadari, babu tangarɗa. A tudu ne tafiyar ta tsaya. Akawun kamfanin da ya sayar ya rubuta takardar farashi da cewa inji ne guda ɗaya cikakke, amma a takardar jerin kaya ya lissafa moto daban, bel daban, akwatin wuta daban, kamar kowanne cinikinsa daban. A ɗaya daga cikin teburan da takarda ke bi aka ce waɗannan kayan gyara ne, kuma kuɗin fitonsu ba ɗaya ba ne da na inji. Kafin a rubuta wasiƙa, a samu amsa daga can, a gyara, a sake dubawa, makonni sun wuce. Su kuwa kwanakin alfarma da ake ba mai kaya 'yan kaɗan ne. Da sun ƙare, mita biyu ke fara juyawa lokaci guda: kamfanin jirgi yana cajin hayar akwatinsa, masu filin tasha suna cajin kuɗin ajiya, kuma duk daɗewar kaya farashin kwana yana ƙaruwa. Ranar Juma'a ana caji, ranar Lahadi ana caji.

Kuma abin ya faɗo ne a cikin watannin da naira ke gangarowa. A farkon Yunin 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Tun da kuɗin fito a kan darajar kaya da dala ake lissafa shi sannan a mayar naira, abin da ya ware lokacin da ya yi oda bai kai ko kusa da abin da aka nema ba ranar biya. Shansherar da ya saya da kaka ya tara don ranar da injin zai fara aiki, ita ya riƙa fitarwa tirela bayan tirela yana sayar wa masu injin da yake shirin yin gogayya da su, don ya fanshi nasa. Banki kuma bai san wani zancen takardar jerin kaya ba. Samari goma sha biyu da ya yi wa alkawarin aiki kullum suna zuwa gaida shi, ba sa tambaya, shi ma ba ya cewa komai.

Da kayan suka fito, sai hanya. Tirela uku, ɗaya ta lalace a tsakanin Jebba da Mokwa ta kwana huɗu ana jiran wani ƙarfe. Da suka iso aka tarar babu abin da zai ɗaga tukunyar daga kan mota, sai da aka yi hayar motar ƙugiya, aka rushe wani sashe na katanga don ta samu shiga. Ranar da aka buɗe akwatin wutar na'urar tsince baƙar ƙwaya ina tsaye a wurin. Ledar da aka rufe shi da ita irin ta cefane ce, kuma allunan cikinsa sun yi kore-kore. Kamfanin inshora ya nuna masa layin da ya sa wa hannu. Yaya bai yi faɗa ba, ya dai zauna a kan wani bulo ya daɗe yana jujjuya carbinsa, sannan ya ce da ni, "Ka ga ikon Allah, ƙanena. Teku mako shida, tudu wata huɗu." Injin yana aiki yanzu, alhamdu lillahi, amma bashin da ya lissafa zai biya a shekara biyu har yau yana kansa.

Ba na cikin masu cewa takardun nan duk banza ne. Fom M da ake buɗewa ta banki kafin a loda kaya, da shaidar inganci ta SONCAP, da rahoton tantance haraji na PAAR, kowanne akwai ɓarnar da aka yi shi don ya hana. Ƙasar da ba ta duba abin da ke shigo mata za ta zama jujin tsofaffin injunan duniya, kuma mun ga masu sayo injin da aka ƙera don wutar Amurka mai juyi 60 a daƙiƙa su jona shi da tamu mai 50, moto ya rage gudu ya yi ta zafi har ya ƙone. Abin da nake ƙi shi ne a ce kuskuren alƙalami na minti ɗaya yana cin wata guda kafin a gyara shi, kuma duk tsawon wannan lokaci mutum ɗaya ne kaɗai ke biya, wanda ba shi ya yi kuskuren ba kuma ba shi ke jinkirta gyaran ba.

Ƙasar nan ta taɓa biyan kuɗin wannan darasi da tsada. A 1975 gwamnatin Janar Gowon ta yi odar siminti wajen tan miliyan 20 a lokacin da tashar Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, kowanne ana biyansa tarar jira kullum, simintin wasu ya daskare a cikinsu. Wannan cunkoso ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977. Kuskuren da gwamnati ta yi a wancan lokaci shi ne ƙaramin ɗan kasuwa ke maimaitawa a yau: a lissafa kuɗin saye, a manta da tambayar ta ina za a sauke. Ajaokuta kuma ta nuna ɗaya gefen. Tun daga kwangilar 1979 da Tarayyar Sobiyat aka yi ta jigilar injuna har suka isa inda aka nufa lafiya, amma babbar tukunyar narka tama ba a taɓa hura mata wuta ba.

Wanda ya fahimci lissafin sosai shi ne tattaɓa-kunnen wancan mai goro. Lokacin da Aliko Ɗangote ke gina matatar mansa a Lekki, hasumiyar tace ɗanyen mai da kamfanin Sinopec ya ƙera masa ta haura mita 110 a tsawo, ta haura tan 2,000 a nauyi. Babu gadar da za ta ɗauke ta, babu titin Legas da za ta iya yin kwana a kansa. Sai ya gina tasa matsayar jirgi kusa da wurin aikin, a nan aka sauke ta a ƙarshen 2019. Abin a yaba ne, amma yana kuma nuna inda gizo ke saƙa. Mai ƙarfi yakan gina hanyarsa. Mai kwantena uku ba shi da wannan zaɓi, hanyar kowa da kowa zai bi, kuma irinsa ne suka fi yawa a Sharaɗa da Dakata da Tokarawa.

Hanyar kowa da kowa kuwa a da dogo ce. Tun 1912 jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Legas. Shi ya kwashe dalar gyaɗa zuwa teku, kuma ba banza aka kafa masaƙar Kaduna ta 1957 a Kakuri kusa da layinsa ba. Da dogo ya raunana, nauyin duka ya koma kan kwalta, kwalta ta farfashe, kuɗin mota ya hau. Yau ba abin mamaki ba ne ka ji ɗan kasuwa yana kwatanta abin da ya biya daga Legas zuwa Kano da abin da ya biya daga Sin zuwa Legas yana girgiza kai. Wannan ƙarin kuɗi haraji ne da masana'antar Arewa ke biya wanda takwararta ta Ikeja ko Agbara ba ta san da shi ba, kuma sau biyu take biyansa, ranar shigo da inji da kuma duk ranar da wani ƙaramin ƙarfe ya karye a cikinsa.

An yi yunƙuri, kuma adalci ne a faɗa. An buɗe tashar tudu ta Kaduna a Janairun 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Janairun 2023, ta Funtuwa a 2024. Manufar ita ce a rubuta Kano ko Kaduna a kan takardar lodi tun daga can, kwantena ta wuce Legas a rufe, a zo gida a buɗe ta a gaban mai ita. Ga inji, wannan ba ƙaramar rahama ba ce, domin duk buɗewa da saukewa da sake lodi wata dama ce ta lalacewa, kuma mai kaya da ke iya zuwa tasha da safe ya koma gida da azahar ya fi wanda ke jiran kiran ejan daga wata uwa duniya. Sai dai tashar tudu ba ta da rai sai da jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci. Sabon layi mai faɗi ya tashi daga tashar Apapa ya tsaya a Ibadan tun 2021, na Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016, na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ana kan ginawa, amma tsakiyar a yanke take. Abin da ya rage shi ne tsohon siririn layin Turawa, mai tafiya yau ya tsaya gobe. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu sanin ɗacin wannan. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da hanyar Kwatano ta toshe, kayansu sai sun zagaya ta Lome da Burkina Faso, da rakiyar sojoji.

Gina dogo aikin gwamnati ne, kuma za mu ci gaba da yi mata tuni. Amma akwai kason da ke kanmu mu malaman jami'a. Muna yaye injiniyoyin da za su iya lissafa ƙarfin da sandar ƙarfe za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe, amma ba su taɓa riƙe takardar lodi ba. Sashen koyar da kasuwanci yana yaye waɗanda suka san haruffa ukun nan amma ba su san abin da danshi ke yi wa akwatin wuta ba. Makarantun aikin teku suna Oron da Okerenkoko, can a kudu, amma Cibiyar Fasahar Sufuri ta ƙasa a Zariya take tun 1986, kusa da mu ƙwarai. Ban ga abin da zai hana ƙungiyoyin masu masana'antu na Kano su ɗauki matasa biyu ko uku su horar da su su zama madugan wannan zamani ba, waɗanda za su karanta yarjejeniya kafin a biya ko sisi, su tsaya a kan yadda za a ɗaure kaya, su sa a ɗauki hoton cikin kwantena kafin a rufe ta, su daidaita kowace takarda da 'yar uwarta harafi da harafi. Albashinsu na shekara bai kai tarar jiran wata ɗaya ta mutum guda ba.

A zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina na ajin ƙarshe wani aikin gida da ba ya cikin manhaja. Na ba su zanen wani inji mai nauyin tan 12 da tsayin mita uku, na ce su kawo mini shi a kan takarda daga Ningbo har harabar wata masana'anta a Sharaɗa, da kwanaki da kuɗi da duk hannun da zai bi. Yawancinsu sun yi ƙoƙari a kan teku, sun zaɓi kwantenar da ta dace, wasu har da lissafin jakunkunan tsotse danshi. Da suka iso Legas sai su rubuta layi ɗaya, wai daga nan mota za ta kai shi Kano. Wata ɗaliba ce kaɗai, wadda daga baya na ji mahaifinta direban tirela ne, ta cika shafi huɗu a kan wannan layi ɗaya. Ta haɗa tsayin injin da tsayin bayan motar, ta tambayi ko zai wuce ƙarƙashin gadojin sama da ke hanya, ta ware kuɗin yaron da zai zauna a saman kaya da sandar gora yana ɗaga wayoyin lantarki idan an shigo gari, sannan ta rubuta a ƙasa cewa a auna faɗin ƙofar masana'antar kafin a tura kuɗi Sin.